Jujin katantanwa a gaɓar teku: tambayoyi da amsoshi kan Birtaniya da Ayilan daga shekara ta 500 zuwa 1100

Bayan guguwar hunturu, mai tafiya a gaɓar tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan ko yammacin Ayilan yakan tarar teku ya zaftare gefen tudu, wani farin layi ya bayyana a cikin baƙar ƙasa. Ɓawon katantanwa ne da ƙayar kifi da toka, sharar gidajen da suka zama kufai shekaru dubu da suka wuce. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan shara, da abin da masu tonon kayan tarihi suka iya fitarwa daga cikinta.

Wane zamani ake magana a kai?

Zamanin da Turawa ke ɗauka a matsayin farkon tsakiyar tarihinsu: daga janyewar mulkin Rumawa daga Birtaniya wajen shekara ta 410 zuwa bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066. A cikinsa ne masarautun Anglo-Sakson suka kafu a Ingila, Kiristanci ya bazu, gidajen 'yan zuhudu suka cika ƙananan tsibiran Ayilan da Sikotilan, sannan mutanen Viking suka sauko daga Norwe da Denmak tun ƙarshen ƙarni na 8. Idan aka auna da tarihin Musulunci, Hijira ta faɗo a farko-farkonsa, daular Abbasiyya kuma a tsakiyarsa.

Me ya sa masana suke ɓata lokaci a kan juji?

Domin juji ba ya ƙawata kansa. Malamin da ya rubuta tarihin sarki yana da wanda yake son ya faranta wa. Matar da ta zubar da ɓawo a bayan ɗaki ba ta san wani zai zo ya duba ba. Akwai kuma dalili na ƙasa. A yawancin yammacin Sikotilan da Ayilan ƙasa mai tsami ce, tana cinye ƙashi ƙaf cikin 'yan ƙarnoni. Ɓawo kuwa sinadarin kalsiyam ne, yana kashe wannan tsamin, saboda haka duk abin da ya faɗa cikin tarinsa yakan tsira: ƙayar kifi sirara, ƙashin tsuntsu, allurar ƙashi, guntun mataji. Sau da yawa abin da mai tono yake nema ma ba ɓawon ba ne, abin da ɓawon ya adana ne.

Tun a tsakiyar ƙarni na 19 aka gane haka a Denmak. An kafa kwamiti a 1848 domin ya bincika tarin ɓawon kawa da ke gaɓar ƙasar, ko teku ne ya tara su ko mutane. Da aka tarar da toka da kayan aiki da ƙasusuwan da aka fasa a ciki, magana ta ƙare. Waɗancan jujin na zamanin dutse ne, kuma shaharar da suka yi ta sa an daɗe ana ganin tsintar katantanwa al'adar mutanen farko ce kawai. An yi jinkiri ƙwarai kafin a ba jujin zamanin Kiristanci da na Viking irin wannan kulawa.

Waɗanne halittu ne ake samun ɓawonsu?

Ya danganta da irin gaɓar. Inda duwatsu suke, kamar Orkney da Shetland da yammacin Ayilan, biyu ne suka mamaye: wata mai ɓawo guda mai tsini da ke manne wa dutse gam, wadda masana ke kira Patella vulgata (a nan za mu ce mata manne-dutse), da ƙaramin koɗin teku, Littorina littorea. Inda kogi ke shiga teku da laka da yashi, kamar kudu da gabashin Ingila, kawa ce ta fi yawa, da kumba baƙa, da wata mai ɓawo biyu masu zane da ke binne kanta cikin yashi. Sai ta shida, Nucella lapillus, koɗin rini, wadda labarinta dabam ne.

Ban da kawa, wadda sau da yawa sai an shiga ruwa ko an ja ta daga jirgi, duk sauran ana samun su ne a filin da ruwa ke janyewa daga kansa sau biyu a kowace rana. Ba a bukatar jirgi ko taru, kwando da ɗan dutse ko guntun ƙarfe sun isa.

Yaya ake nazarinsu?

Ana yanka jujin daga sama zuwa ƙasa, a ɗebi ƙasa hawa-hawa, a wanke ta a rariya mai ƙananan idanu. Wannan wankin shi ne ya sauya fagen gaba ɗaya daga shekarun 1970, domin kafin nan da hannu ake tsintar abin da ido ya gani, ƙayar ƙananan kifi kuwa sai ta bi ƙasar da aka zubar. Bayan wanki sai ƙirga. Ba a ƙirga gutsattsari. A katantanwa ana ƙirga tsinin kai, a masu ɓawo biyu kuma ana ƙirga gindin da ke haɗa su, na dama dabam na hagu dabam, a ɗauki wanda ya fi yawa.

Sannan awo. Girman ɓawo da siffarsa suna nuna inda aka ɗebo shi: manne-dutsen da ta girma can sama inda rana ke bugunta takan fi tsini, ta ƙasa kusa da ruwa kuma takan fi faɗi. Ɓawo yana girma ne layi-layi, kuma sinadarin iskar oksijin da ke layin ƙarshe yana nuna zafin ruwa a lokacin da halittar ta mutu. Da haka ake gane ko da rani aka tsinto ta ko da hunturu.

Idan an ga tarin ɓawo mai yawa, shi ne babban abincin mutanen wurin ke nan?

A nan ido yake yaudarar mutum. Ɓawo yana da girma kuma ba ya ruɓewa, naman da ke ciki kuwa ɗan mitsitsi ne. Masanin nan Geoff Bailey ya taɓa lissafa cewa mutumin da ba ya cin komai sai wannan zai bukaci kawa kusan 700 a yini, ko manne-dutse 400, kuma babbar barewar Turai guda ɗaya tana daidai da kawa sama da 52,000. Gurasa da fate da madara da cuku, waɗanda su ne ainihin cimar mutanen wannan zamani, ba sa barin tudu a bayan gida. Don haka tudun ɓawo mai tsayin mutum yana iya zama ɗan abin haɗawa ne na shekaru masu yawa.

Amma ƙanƙantar rabonsa a lissafin shekara ba ta rage masa muhimmanci ba. Ƙarshen hunturu da farkon bazara, lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu, shanu ba su fara ba da nono ba, teku kuma ya yi haukan da jirgi ba ya fita, gaɓa tana nan. Abincin da ke raba iyali da yunwa na makonni shida ya fi ƙarfin a auna shi da yawan kuzarin da ya bayar a shekara.

To in ba ci aka yi ba, me aka yi da su?

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne Quoygrew, wata gona a tsibirin Westray na Orkney, wadda aka zauna a cikinta tun ƙarni na 10 har shekarun 1930. James Barrett ya jagoranci tononta daga ƙarshen shekarun 1990. An sami juji iri biyu. Ɗaya yana can ciki wajen gidaje, sharar gida ce gauraye da ƙasusuwan dabbobi. Ɗayan yana bakin ruwa, kusan duk ƙayar manyan kifi ne dangin kod, da toka, da manne-dutse tuli. Wannan na bakin ruwa ya taru ne musamman a ƙarni na 11 da na 12.

Me ya haɗa manne-dutse da kod? Koto. Har zuwa ƙarni na 19 da farkon na 20 masuntan Orkney da Shetland da ita suke ɗana ƙugiya. Sukan kuma daka ta a 'yan ramukan da ke jikin duwatsun gaɓa, ko su tauna su fesa cikin ruwa domin kifi ya taru. Ramukan suna nan har yau. Igiyar fatsa mai ƙugiyoyi da yawa tana cin koto ba kaɗan ba, kuma kowace fita sai an sake ɗanawa.

Nicky Milner da abokan aikinta sun auna ɓawon Quoygrew hawa-hawa, suka wallafa sakamakon a 2007. Sun ga manne-dutse ta riƙa ƙanƙancewa a daidai hawan da ƙayar kifi ta yi yawa, alamar cewa ana kwasar ta fiye da yadda take samun damar girma. Wannan sakamako yana da nauyi a wurina, domin ya nuna cewa 'yan gonaki kaɗan, da hannu da kwando, sun iya taɓa halittun gaɓarsu har abin ya fito a ma'auni, shekaru ɗari tara kafin jiragen su na zamani.

Ba shakka mai ɗana ƙugiya yana iya jefa wasu a tukunya. Babu alama a jikin ɓawo da za ta raba wadda mutum ya ci da wadda kifi ya ci. Hujjar tana ga maƙwabtan ɓawon: inda yake kwance da kawunan kod a bakin ruwa, koto ya fi kusa da gaskiya, inda yake kusa da murhu tare da koɗin teku da ƙashin tumaki, abinci ne.

Da gaske an yi rini da katantanwa?

An yi, kuma shi ne ɓangaren da ya fi jan hankali a binciken Ayilan. Koɗin rini mafarauci ne, yana huda ɓawon wasu ya sha namansu, kuma mutane ba su cika cin sa ba. Amma a jikinsa akwai wata 'yar jijiya mai fitar da ruwa fari-fari. In an shafa ruwan a zane aka shanya a rana, sai ya koma rawaya, ya koma kore, ya bi ta shuɗi ya tsaya a shunayya mai ja-ja, kuma wanki ba ya fitar da shi. Wani mutumin Bristol, William Cole, ya bayyana wannan sauyin launi dalla-dalla a 1685, bayan ya ji labarin cewa a gaɓar Ayilan akwai mai yi wa lallausan lilin alama da ruwan katantanwa. Marinan Ƙofar Mata a Kano ba za su ga abin baƙo ba, domin sinadarin ɗan'uwan na baba ne na jini. Bambancinsu ƙwayoyin buromin guda biyu da ke manne da na tekun.

Yadda ake gane wurin rini a ƙasa shi ne ta karaya. Katantanwar da aka dafa aka ci takan fito da ɓawonta lafiya, an zaro naman da tsinke. Ta rini kuwa dole a fasa ta da ranta a daidai inda jijiyar take. Idan aka tarar da tari na Nucella zalla, kowace an fasa ta iri ɗaya, ba a bukatar dogon bayani.

Françoise Henry, Bafaranshiya masaniyar fasahar Ayilan, ta yi tono a tsibirin Inishkea ta Arewa da ke gaɓar Mayo tsakanin 1938 da 1950. A wani mazaunin 'yan zuhudu ta sami kufan bukkar katako da tarin fasassun koɗin rini a gefenta, ta fassara wurin a matsayin marina. Daga baya an sami irin wannan tari a wasu wurare na yamma, ciki har da Dooey a Donegal da Doonloughan a Connemara, inda Emily Murray da Finbar McCormick suka nuna cewa zama ne na wani yanki na shekara, ana zuwa a yi aiki a koma.

Abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai. A 1909 Paul Friedländer ya matse katantanwar Bahar Rum guda 12,000, wadda ta fi ta Ayilan girma, ya sami giram 1.4 na tsantsar rini. Saboda haka da wuya a ce an rina riga sukutum da shi a waɗannan tsibirai. Zare ne na ado, ko bakin mayafin babban mutum ko na coci. An daɗe ana zaton da shi aka yi shunayyar da ke cikin manyan littattafan coci masu zane, amma da aka gwada shahararren littafin nan na Kells da na'ura, sai aka ga tasa shunayyar daga gansakukar dutse aka samo ta.

Rubuce-rubucen zamanin sun ambaci wannan aiki?

Jefi-jefi, kuma galibi a gefen wata magana. Bede, ɗan zuhudun Jarrow da ya kammala tarihin cocin Ingila a 731, ya buɗe littafinsa da lissafin arzikin Birtaniya. A ciki ya ambaci kumba da ake samun lu'ulu'u launi-launi a cikinta, da katantanwa mai yawa da ake yin jan rini da ita, wanda rana da ruwan sama ba sa kashe shi, sai ma ƙara kyau da yake yi in ya tsufa. Wannan ya yi daidai da abin da aka tono a Ayilan.

Shi dai Bede ya kawo labarin Bishop Wilfrid, wanda ya je wa'azi ƙasar Sussex a shekarun 680 ya tarar da fari da yunwa. In ji shi, mutanen ba su iya kamun komai ba sai kifin il mai siffar maciji, sai mutanen Wilfrid suka tattara tarunan il suka jefa a teku suka kamo kifi 300, aka raba uku: na matalauta, na masu taru, da nasu. Labari ne da aka tsara domin ɗaukaka bishop, kuma da wuya a yarda cewa mazauna gaɓa ba su san su ba sam. Duk da haka ƙasusuwan da aka tono sun goyi bayan ginshiƙinsa: a ƙarni na 7 kifin teku kaɗan ne a jujin Ingila, il da kifin kogi ne suka fi yawa.

Wajen shekara ta 1000 kuma, wani ɗan zuhudu na Ingila mai suna Ælfric ya rubuta wata hira ta koyar da yara Latin, inda masunci ke amsa tambayoyi. Ya ce ya fi yin su a kogi, teku sai jefi-jefi domin tuƙin yana da wahala. Da aka tambaye shi abin da yake samu a teku, ya jero kifin herin da na samon da kawa da ƙaguwa da kumba da koɗin teku da sauransu. Ya kuma ce a gari yake sayarwa, kuma ba ya iya kama adadin da zai iya sayarwa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce muryar sabon zamani.

Wane sabon zamani?

A 2004 Barrett da Alison Locker da Callum Roberts sun tattara bayanan ƙayar kifi daga tarin samfura sama da 100 na Ingila. Suka ga cewa cikin 'yan shekarun da ke kewaye da 1000, herin da kod sun yi tashin gwauron zabo a jujin garuruwa, har da na can cikin ƙasa nesa da teku, bayan ƙarnoni ana dogaro da kifin ruwan daɗi. Sauyin ya zo da sauri, ba a hankali ba.

Ana kawo dalilai da dama. Garuruwa sun girma, jiragen dakon kaya sun ƙara girma, madatsun injin niƙa da zaizayar gonaki sun rage kifin koguna. Akwai kuma azumin Kirista, wanda ke hana nama a ranaku masu yawa na shekara. Sai dai Ingila ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 7, don haka azumi kaɗai bai bayyana dalilin da ya sa abin ya jira har 1000 ba. Ko ma mene ne, zuwa 1086, lokacin da Sarki William ya sa aka yi ƙidayar dukiyar Ingila, garin Dunwich yana biyan herin 60,000 a cikin harajinsa, kuma an lissafa wuraren dafa gishiri birjik a gaɓar gabas da kudu. Kifi ba ya tafiya nesa sai da gishiri ko shanya.

A Orkney sauyin ya shiga har cikin ƙashin mutane. Sinadaran kabon da naitirojin na gawarwakin zamanin Pict, kafin zuwan Viking, suna nuna ɗan abincin teku kaɗan, ko da yake teku ya kewaye su. Na zamanin Viking da bayansa suna nuna ƙari sosai, kuma a makabartar Newark Bay maza sun fi mata cin sa.

Abincin talakawa ne?

Ya danganta da wace, kuma a ina. A Sikotilan ta ƙarni na 18 da na 19 cin manne-dutse alamar fatara ce, kuma wasu masana sun ɗauki wannan kallo suka jingina wa mutanen shekaru dubu baya, abin da ke bukatar taka-tsantsan. Kawa kuwa ta ratsa kowane mataki. A Hamwic, tashar kasuwanci ta ƙarni na 8 da na 9 da ke ƙarƙashin Southampton ta yau, ramukan shara cike suke da ɓawonta. A Poole da ke gaɓar kudancin Ingila, Jessica Winder ta yi nazarin wani shimfiɗeɗɗen tari a ƙarƙashin tsohuwar tashar jiragen ruwa, na ƙarshen zamanin Sakson zuwa bayan zuwan Normandawa, wanda aka ƙiyasta kawar da ke cikinsa da miliyoyi. Babu ƙauyen da zai cinye wannan. Fassarar da ta fi zama ita ce ana ɓare ta a bakin ruwa, a adana naman a ruwan gishiri, a kai kasuwa.

Manyan mutane suna da nasu rabon na teku. A Flixborough da ke kusa da kogin Humber, gidan masu hali na ƙarni na 7 zuwa na 10, an sami ƙasusuwan dabbar tekun nan dolfin da yawa.

Su wa suke yin tsintar?

Ɓawo ba ya ɗauke da sunan wanda ya ɗauko shi, kuma marubutan zamanin ba su ga aikin ya kai a rubuta ba. Abin da ake da shi kwatance ne. Betty Meehan ta zauna da mutanen Anbarra a arewacin Ostareliya a farkon shekarun 1970 tana auna abin da kowa ya kawo, ta ga mata ne ke yin mafi yawan aikin. A ƙauyukan masunta na Sikotilan ma, har ƙarni na 20, mata da 'yan mata ne ke fita da asuba su tsinto kumba, su ɓare, su ɗana ɗaruruwan ƙugiyoyi kafin maza su fita. Kwatance ba hujja ba ce, amma yana da kyau mai karanta labarin cinikin kod na Viking ya tuna cewa kowane busasshen kifi da ya hau jirgi, akwai wanda ya durƙusa a kan dutse mai sanyi ya ɓamɓaro kotonsa.

Gaɓar ta kowa ce, ko tana da masu ita?

Abin da ke da tsada yana da mai shi. Adomnán, shugaban gidan zuhudu na tsibirin Iona a Sikotilan wanda ya rasu a 704, ya ba da labarin wani ɓarawo mai suna Erc da ya zo a ɓoye yana kashe dabbobin teku da ake kira sil a wani ɗan tsibiri inda suke haihuwa, kuma 'yan zuhudun suna ɗaukar dabbobin a matsayin nasu. A Tidenham, wata ƙasar cocin Bath da ke tsakanin kogunan Severn da Wye, takardar ƙarni na 10 ko na 11 ta ce a kowane shingen kifi, kifi ɗaya cikin biyu na ubangidan ƙasa ne, haka ma duk wani kifi mai daraja da ba a cika samu ba.

Su waɗannan shingaye har yau ana ganin ragowarsu in ruwa ya janye sosai. A Collins Creek da ke bakin kogin Blackwater a Essex akwai dubban turaku a jere, na tsakanin ƙarni na 7 da na 10. Ana kafa su layi biyu masu haɗuwa a tsini, a saƙa rassa a tsakani, a ɗaura gura a bakin; in ruwa yana komawa sai ya tura kifi ciki. Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai sarki ko coci. A Nendrum kuma, cikin Strangford Lough a arewacin Ayilan, 'yan zuhudu sun gina injin niƙa da cikowar teku ke juyawa, kuma zoben katakonsa ya nuna an sare itacen tsakanin 619 da 621.

Ciyawar teku ma abinci ce. Wani bincike da aka wallafa a 2023 kan dattin da ya daskare a haƙoran tsofaffin gawarwakin Turai ya sami alamarta tun daga zamanin dutse har zuwa farkon wannan zamani da muke magana.

Yaya ake sanin shekarun juji?

Da gwajin kabon, amma akwai tarko. Kabon da ke cikin teku ya girmi na iska, don haka ɓawo ko ƙayar kifi sukan nuna sun girmi ainihin shekarunsu da kimanin 400. Shi ya sa ake fifita ƙwayar sha'ir da ta ƙone ko ƙashin tunkiya daga hawa ɗaya. Tarkon yana shafar ƙasusuwan mutanen da suka ci kifi da yawa ma. A Repton da ke tsakiyar Ingila an tono kabarin taro na mutum sama da 260, ana zaton rundunar Viking ce da ta yi hunturu a wurin a 873 zuwa 874. Gwajin farko ya ce wasunsu sun mutu tun ƙarni na 7 ko na 8, abin ya rikice. A 2018 Cat Jarman da abokan aikinta suka sake lissafi tare da la'akari da yawan kifin da mutanen suka ci, sai shekarun suka dawo ƙarshen ƙarni na 9.

Akwai irin wannan a Afirka ta Yamma?

Akwai, kuma ya fi na Birtaniya girma nesa ba kusa ba. A bakin kogin Salum na Senegal, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, an lissafa tuddan ɓawo 218, kuma 28 daga cikinsu makabartu ne. Wasu sun zama tsibirai sosai, itatuwan kuka sun tsiro a kansu. Dioron Boumak, wanda Guy Thilmans da Cyr Descamps suka tona a farkon shekarun 1970, kaurinsa ya kai wajen mita 12, kuma zamanin taruwarsa ya haɗu da wanda muke magana a kai. A can dafawa ake yi a ɓare a shanya naman a kai cikin ƙasa a sayar, kuma matan Niyominka suna wannan sana'a har gobe. Mai son ganin yadda tudu irin na Poole yake taruwa, Salum ce makarantarsa.

Wuri fa? Shi ma ai katantanwar teku ce.

Ita ce, kuma ta fi kowace tafiya mai nisa. A kaburburan matan Anglo-Sakson na ƙarni na 7 ana samun wani babban wuri mai ɗigo-ɗigo da ya fito daga Bahar Maliya, ana ganin laya ce. Ƙaramin wurin da ya zama kuɗi kuwa mafi yawansa daga tsibiran Maldibs yake. Marubutan Larabci na ƙarni na 9 da na 10, ciki har da Mas'udi, sun bayyana yadda ake jefa rassan kwakwa a ruwa, wuri ya manne, a jawo a shanya. A 1964 Théodore Monod ya gano kayan wani ayari da aka binne a Ma'den Ijafen cikin hamadar Muritaniya, sandunan tagulla da tarin wuri, na wajen ƙarni na 11 ko na 12. Ibn Battuta ya ga ana ciniki da shi a Mali da Gao a tsakiyar ƙarni na 14, kuma tarihin sarakunan Kano ya sa shigowarsa ƙasar Hausa a matsayin kuɗi a zamanin Sarki Sharefa, farkon ƙarni na 18.

Wace barazana waɗannan wurare suke fuskanta?

Teku da ya ciyar da su shi ke cinye su. Yawancin jujin suna cikin yashi ko ƙasa mai laushi a daidai bakin ruwa, kuma guguwa ɗaya tana iya kwashe abin da ya shekara dubu a kwance; hunturun 2013 zuwa 2014 ya yi ɓarna mai yawa a yammacin Ayilan da Birtaniya. Mutane ma sun taimaka: an daɗe ana kwasar ɓawo domin takin gona da ƙona farar ƙasa, a Senegal kuma an rushe manyan tuddai domin shimfiɗa hanya.

Tun da ba za a iya tone ko'ina ba, ƙungiyoyi irin su SCAPE a Sikotilan sun koma horar da mazauna gaɓa su riƙa zagayawa bayan guguwa, su ɗauki hoto, su rubuta wurin, su aika. Abin da ake roƙon wanda ya ga irin wannan layi a jikin tudu shi ne kada ya zaƙulo komai. Mataji ko allurar da aka zaro daga hawanta ta rabu da ɓawo da ƙaya da ƙwayar hatsin da za su faɗi shekarunta da aikin da ake yi a wurin, kuma ba a iya mayar da ita.